Harajin Lauwali

Maikasuwa gyartai ne, ɗan gyartai. A Gwiwa aka haife shi ranar da kasuwa ke ci, shi ya sa sunan yanka ya ɓace, laƙabin ya zauna masa har tsufa. Da damina yana noman gero da gyaɗa kamar kowa. Da rani kuwa sai ya rataya jakar fata mai basilla da zaren kaba, ya bi ƙofofin gidaje yana cigiyar fasasshiyar ƙwarya. Mata su aiko masa da ƙorai, ya zauna a inuwar zaure ya haɗa bakin tsagar ya ɗinke, a ba shi abin da ya samu. Mutum ne wanda in ka taka shi, shi zai riga ka ba da haƙuri. Irin wannan hali kuwa duniya ba ta barin mai shi ya huta.

Yana da wa guda ɗaya, Lauwali, ɗan farin mahaifiyarsu Baraka. Ana saura shekara guda a samu mulkin kai, Lauwali ya bi wasu fataken Kazaure zuwa Kumasi sarin goro. Ya ce damina biyu zai yi ya dawo. Ya bar gona, ya bar matarsa Saude, ya bar tsohuwa a hannun ƙanensa. Saude ta yi jira iya jira, daga bisani alƙali ya raba auren, ta koma Roni ta yi wani. Gonar kuma Maikasuwa ya haɗa da tasa yana nomawa. Abin da bai san ya gada ba shi ne haraji.

A wancan zamani, in kaka ta yi an sayar da gyaɗa, sai Daudu mai unguwa ya fito da sandarsa, ɗan doka na biye da shi, malamin haraji na rungume da littafi. Ba sa shiga gida. A ƙofar zaure Daudu yake tsayawa ya ɗaga murya ya kira sunan duk namijin da ake bi, yadda har matan da ke can ƙurya za su ji. Akwai mazan da in sun jiyo muryarsa daga nesa sai cikin rumbu, wasu kuma su tsere cin rani tun ba a gama sussuka ba. A gidan Baraka suna biyu yake kira, Lauwali tukuna, sannan Maikasuwa.

Shekarar farko Maikasuwa ya biya na mutum biyu bai ji komai ba, yana cewa in yaya ya dawo sa daidaita. Ta biyu ma haka. A ta uku ne Daudu ya ja shi gefe.

"Kai yaron nan, kana so ka kashe kanka ne? Je ka gaban dagaci ka ce ɗan'uwanka ya yi ƙaura, ko ka ce babu labarinsa, a soke sunan. Kowa haka yake yi."

Maikasuwa ya ga gaskiyar dattijo, har ya sa ranar da zai je. Ya shiga gida ke nan sai ya iske mahaifiyarsa tana tsince wake da wata maƙwabciya, tana magana ba ta ɗago kai ba.

"Ai ni hankalina a kwance yake," in ji ta. "Hukuma ba ta bin matacce haraji. Ba ki ji yanzu aka kira shi ba? Su da ke da littafi sun fi mu sanin wanda ke raye."

Nan ya tsaya. Ya kamata a ce ya gaya mata cewa hukuma ba ta san gaibu ba, abin da aka faɗa mata take rubutawa. Amma a ganin Baraka, hukumar da ke iya zaƙulo ƙato daga cikin rumbu, ba Kumasi ce za ta gagare ta ba. Ga kuma kunyar ɗan fari. Tun da ta haifi Lauwali ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba, in ta matsu sai ta ce wa Maikasuwa "yayanka". Ba ta da bakin tambaya, don haka kunne ta kafa. Sau ɗaya a shekara ake faɗin sunan ɗanta da ƙarfi a ƙofar gidanta, shi take riƙewa har wata kakar. Maikasuwa ya fasa zuwa gaban dagaci.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai maganar goro ta shigo. Sallah biyu na farko Lauwali ya aiko da ɗan ƙunshin farin goro ta hannun fatake, Baraka ta rarraba wa tsofaffin unguwa tana sunkuyar da kai don kada a ga murnarta. Da Sallah ta uku ta zo babu saƙo, sai Maikasuwa ya saya a kasuwar Kazaure ya kawo ya ajiye a gabanta. Shi dai bai ce daga Kumasi ba. Ita ce ta ɗaga ganyen ta shinshina ta ce, "Yayanka bai manta ba." Daga ranar ya zama duk shekara yana da haraji biyu da goro ɗaya.

Kada a ce bai nema ba. Ya nema. Ya sa mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ya rubuta wa sarkin zango na Kumasi, ba amsa. Ya sake, ba amsa. Shekarar da aka kori baƙi daga Gana, motoci suka riƙa sauke mutane a tashar Kazaure da tabarminsu da 'ya'yansu, ya bar ɗinkin ƙwarya ya tare a tashar yana duba fuskoki. Wani ya ce ya taɓa ganin mai irin kamannin yana sayar da shayi, amma an daɗe. Wani ya ce kamar ya ji an ce ya ƙetara Kwaddibuwa. Yawancinsu ma ba su da ƙarfin amsa masa, nasu ya ishe su. Ya dawo gida yana neman yadda zai fara faɗa, sai ya tarar unguwa ta riga shi fassara. Wai ai marasa abin yi aka koro, wanda ya kafu ba a taɓa shi ba. Baraka ta ji haka ta riƙe.

Mutanenmu kuwa in ka ba su goro ɗaya sai su gina masa shago. Kafin a jima Lauwali ya mallaki rumfa a Kumasi. Bayan 'yan shekaru ya sayi babbar mota. Da aka shiga zamanin kuɗin man fetur, kowa na jin labarin wane ya yi arziki dare ɗaya, sai aka ɗora masa bene, aka kuma kai shi Makka aka dawo da shi, duk a bakin masu hira a gindin bishiyar bedi. Ba wanda ya tambayi dalilin da ƙanen mai bene yake yawo da riga mai faci. Waɗanda suka lura cewa suka yi ai Maikasuwa mutum ne mai zurfin ciki, binnewa yake yi.

Alhali shi a lokacin abin duniya ya taru ya yi masa yawa. An yi fari, gyaɗa ta mutu a ƙasar ba ta ƙara komawa yadda take ba. Fam da sule suka tafi, naira ta zo, haraji bai tafi ba. Sana'ar gado kuma roba da kwanon sha suka cinye ta. Macen da a da za ta ɗinke ƙwarya sau uku, yanzu in ta fashe sai ta zuba wa kaji ruwa a ciki ta aika a sayo mata roba. Yakan yini yana zagaye ya dawo da ɗinki ɗaya, wani lokaci ma na wata tsohuwa ce da ba za ta biya ba. Ya gaji. Ba irin gajiyar da barci ke kawarwa ba, irin wadda mutum ke tashi da ita da safe. Duk da haka, in kaka ta yi zai sayar da akuya ko ya rage hatsin rumbu, Daudu ya kira suna biyu, a biya na biyu.

Matarsa Abu ita kaɗai ta san komai, kuma ba ta iya ɓoye haushi. "Mu da muke raye a gabanka muna shan kunu ba tsamiya," takan ce, "wanda ba a san duniyar da yake ba shi ke da takardar haraji sabuwa ful." Sai dai duk faɗanta ba ta taɓa yin sa inda surukarta za ta ji ba.

Bayan an kafa ƙananan hukumomi, wata kaka Daudu ya zo da abin da ba a saba ba. Maimakon littafi, takarda ce a ambulan a hannunsa. Ya tsaya a ƙofar zaure ya gyara murya ya kira, "Alhaji Lauwali." A cikin gida Baraka, wadda idonta ya fara yin hazo, ta dafa bango ta miƙe tsaye, ta koma ta zauna, ta rufe fuska da mayafi. Hukuma da kanta ta ce Alhaji. Ranar har fura ta dama da hannunta ta aika wa maƙwabta.

Malamin makarantar firamare ne ya karanta wa Maikasuwa takardar. An cire Alhaji Lauwali, babban ɗan kasuwar goro, daga harajin talakawa, an mai da shi layin masu arziki. Ana so ya je ofishin haraji na Kazaure ya biya kafin ƙarshen wata, ko shi ko wakilinsa. Da malamin ya faɗi kuɗin, Maikasuwa ya ce ya sake faɗa, don ya zaci kunnensa ne.

Abu ta saurara har ya gama. "To," in ji ta, "ga goronka nan ya tsiro."

Ya hau akori-kura ya tafi Kazaure da takardar a cikin hula. Ya yi zaman benci tun hantsi har aka yi azahar kafin a kira shi. Akawun da ya same shi wani Kirista ne mutumin kudancin Zariya, Silvanus, mai furfura a gefen kai, Hausa a bakinsa kamar ɗan gari. Ya duba takardar, ya duba rigar Maikasuwa da takalminsa na taya.

"Baba, kai ne wakilin Alhajin?"

"Ni ne ƙanensa, ranka ya daɗe."

"Ina yake yanzu?"

Shekara da shekaru ba wanda ya yi masa wannan tambayar kai tsaye. Ya buɗe baki zai ce Kumasi, sai ya ji ba zai iya ba. Wataƙila don akawun baƙo ne, ba zai haɗu da shi a masallaci ba. Ya faɗa masa duka, da goron, da wasiƙun, da tashar mota, da tsohuwa mai jiran kira. Silvanus ya ajiye alƙalami bai katse shi ba.

"Wannan mai sauƙi ne," in ji shi bayan ya gama. "Dagacinku da shaidu biyu su tabbatar ba a san inda yake ba, in soke sunan gaba ɗaya. Ko sisi ba za ka ƙara biya ba."

"In an soke, ba za a ƙara kiransa ba ke nan."

"Ba za a ƙara ba."

"To a mai da shi layin talakawa mana, ranka ya daɗe, yadda yake a da. Wannan ina iyawa."

Silvanus ya girgiza kai. "Ba ni na sa shi a layin masu arziki ba, Baba. Dattawan garinku ne suka zauna suka ba da sunayen masu hali. Su za su janye. Sai a yi zama a ƙofar dagaci, a tambaye ka a gaban jama'a ina motar, ina benen, yaushe rabonka da saƙonsa."

Maikasuwa ya san ƙofar dagaci. Abin da aka faɗa can da hantsi, kafin la'asar ya shiga kowane ɗaki a Gwiwa, har da ƙari. Gaba kura, baya sayaki. Ya zauna yana juya hula a hannu. Silvanus ya rage murya.

"In ba ka shawara? Tsohuwa ta tsufa. Gaskiya ɗaci gare ta, amma sau ɗaya ake haɗiye ta. Wannan kuwa baɗi ma zai dawo."

"Na sani."

"Iyakar abin da zan iya, in ƙara maka wata guda."

"Allah ya saka da alheri."

Maikasuwa ya dawo ya jinginar da gonarsa ta bakin fadama, wadda ta fi kowace albarka, ga Mamuda mai sayen hatsi. Gonar Lauwali bai taɓa ta ba, don a ganinsa ba a jinginar da kayan wanda bai ba da izini ba. Abu ta yi kwana da kwanaki ba ta yi masa magana, tuwo kawai take turo masa. Ya koma Kazaure ya biya. Silvanus ya rubuta rasit da sunan Alhaji Lauwali, ya miƙa masa da hannu biyu. A unguwa kuwa labari ya ƙara ƙarfi, wai Alhaji ya aiko da kuɗin ta banki.

Shekara na zagayowa soja suka miƙa mulki, sabuwar gwamnatin farar hula a Kano ta soke haraji da jangali. A rediyo aka ji. Gwiwa ta ɗauka da kiɗa, samari suna zagaye gari, tsofaffin da suka sha ɗauri a rana saboda haraji suna share hawaye. Shi ma Maikasuwa ya yi murna, murna ta gaske, ya ji kamar an sauke masa dutsen niƙa daga ka. Har ya fara lissafin yadda zai fanshi gonarsa. Abu ta yi masa murmushi a karo na farko cikin watanni. Duk cikinsu ba wanda ya tuna da tsohuwa.

Ita kuwa da aka gama girbi sai ta sa aka shimfiɗa mata tabarma kusa da ƙofar zaure ta ciki, inda ta saba zama duk kaka. Ta zauna da carbi. Aka yi sussuka, aka cika rumbuna, sanyi ya shigo, tana nan. Wata safiya Maikasuwa ya durƙusa gaishe ta, sai ta ce, "Bana ba a zo ba."

"Ai an soke haraji, Inna. Gwamnati ta yafe wa kowa. Ba ki ji kiɗa ba kwanaki?"

"Na ji. An yafe wa na gida. Na waje fa?"

"Har da su. Ba wanda za a ƙara kira, ko ni."

Ta ja carbi. Can ta ce, "Na girme ka, Maikasuwa. Tun zamanin Turawa nake ganin hukuma, ban taɓa ganin ta yafe kuɗin mai kuɗi ba. In ta daina kiran mutum, ta san abin da ta sani."

Ya rantse mata. Ya kawo malamin makaranta ya yi mata bayani. Ya aro rediyo ya ajiye a gabanta ko za a maimaita sanarwar. Ta saurari kowa da ladabi, ta sa musu albarka, ba ta yarda ba. Ba ta yi kuka ba, don ba a yi wa ɗan fari kuka a idon mutane. Abinci kawai ta rage. Daga tuwo ta koma kunu, daga kunu ta koma kurɓar ruwa. Abu da kanta, mai faɗan nan, ita ce ta tare shi a bakin rumbu ta ce, "In ba ka yi wani abu ba, matar nan ba za ta ga damina ba."

Ya sami Daudu a ƙofar gidansa yana shan hantsi. Mai unguwa ya tsufa, haƙoran gaba sun zube, sandar da a da ake gudu yanzu dogarawa yake yi da ita. Maikasuwa ya tsuguna ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi. Daudu ya daɗe yana kallonsa.

"Tun ina da baƙin gemu ake zagina a garin nan saboda kiran nan," in ji shi. "An yi mini baki, an yi mini asiri, an taɓa sakar mini kare. Yau ga wanda ya zo roƙo in je in kira." Ya tofar da miyau gefe. "Ka san abin da kake nema kuwa? Yaran siyasar nan in suka ji muryata a ƙofar wani, cewa za su yi ina karɓar haraji a ɓoye. Rawanin nan a ƙasa za su ajiye mini shi."

"Na sani, Baba. Ba ni da inda zan je ne."

Daudu ya yi tsaki, ya kawar da kai. "Tun kana saurayi na ce ka soke sunan nan."

"Ka faɗa."

"Ranar kasuwa," in ji shi daga ƙarshe. "In gari ya watse."

Ranar kasuwa da hantsi, unguwa ba kowa sai awaki, Daudu ya taho yana dogara sanda, ba ɗan doka, ba littafi. Ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ya duba gabas ya duba yamma, ya yi tari, sannan ya tattaro abin da ya rage masa na murya ya kira Alhaji Lauwali. Ya ɗan dakata, ya kira Maikasuwa.

Maikasuwa na tsaye a tsakar gida, idonsa a kan mahaifiyarsa. Carbin ya tsaya a hannunta. Ta saki wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauka.

"Ba na gaya maka ba?" in ji ta. "Tashi ka je ka biya, kada ka bar dattijo a tsaye." Ta juya wajen da take jin motsin surukarta. "Abu, ɗumama mini kunun nan."

Ya fita. Hannunsa ya shiga aljihu da kansa, don ya saba. Daudu ya buge hannun da bakin sanda.

"Mai da abinka. Ta ji?"

"Ta ji. Ta nemi kunu."

"To madalla." Dattijon ya gyara tsayuwa, ya juya zai tafi, sai ya waiwayo. "Ka san dai ba a gama ba. In kaka ta yi sai an sake."

"Na sani."

"To Allah ya kai mu baɗi."

Amin ce kawai amsar, yaro ma ya san ta. Amma ta tsaya wa Maikasuwa a maƙogwaro. Ya gaji har cikin ƙashi, yana son ranar da zai huta da wannan kaya, kuma a nan tsaye ya gane cewa hutun nan hanya ɗaya ce tak zai zo masa, ita ce ranar da babu mai zama a kan tabarmar. Kunya ta kama shi, ya nemi gafarar Allah a zuci.

"Amin," in ji shi.

Daudu ya tafi. Shi kuma ya koma ciki ya durƙusa a bakin murhu yana hura wa Abu wuta, don itacen ɗanye ne.